DARASIN LAFIYA: SAIWAR JINSEN DA GARKUWAR JIKI

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ana ganin kwalayen shayi, da na kofi, da na ƙwayoyi, waɗanda aka rubuta wa GINSENG, wato jinsen. Masu talla suna cewa yana kore gajiya, yana kare jiki daga cuta. Darasinmu na yau zai nuna mana mene ne jinsen, me yake iyawa, me kuma ba ya iyawa, don kada magidanci ya sayar da tiyar hatsinsa ya sayi abin da bai sani ba.

Mene ne jinsen?

Jinsen ƙaramin tsiro ne da ake nomawa saboda saiwarsa. Asalinsa ƙasar Koriya, da arewa maso gabashin ƙasar Sin, da gabashin Rasha. Akwai kuma wani irinsa a Kanada da Amurka. Saiwar takan rabu biyu daga ƙasa kamar ƙafafun mutum, shi ya sa sunanta a harshen Sinawa yake nufin saiwa mai kama da mutum. Shekaru aru-aru ke nan mutanen can suna haɗa magani da ita. Idan aka busar da ita haka nan, shi ne farin jinsen. Idan aka turara ta kafin a busar, sai ta yi ja, shi ne jan jinsen.

A kula: jinsen ba citta ba ne. Sunan citta da Faransanci GINGEMBRE. Sunayen biyu sun fara da baƙaƙe uku iri ɗaya, G, I, N. A baƙi na huɗu suka rabu: S ga jinsen, G ga citta. Kun ga ranar karatu ke nan.

Ana iya noma shi a nan?

A'a. Jinsen yana son inuwa, da ƙasa mai laima, da sanyin hunturu mai tsanani. Manoman Koriya runfuna suke kafa masa don kada rana ta ƙone shi. Yana yin shekara 4 zuwa 6 kafin a haƙa shi, alhali hatsinmu a damina ɗaya yake nuna. Bayan an haƙa, sai gonar ta yi shekaru masu yawa ba a sake shuka mata jinsen ba, saboda cutar da ke ruɓar da saiwa. Wannan wahala ce ta sa na gaskiya yake da tsada. A bazararmu kuwa zafi yana wuce awo 40. Saboda haka duk wanda ya kawo muku iri ya ce na jinsen ne, ku riƙe kuɗinku.

Mece ce garkuwar jiki?

Allah ya sanya wa jikin ɗan Adam masu tsaro. Fata ita ce ganuwa. A cikin jini kuma akwai fararen ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani. Su ne dakarun da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Idan suka taɓa gamuwa da wata cuta, sukan gane ta in ta komo. Wannan tsaro shi ake kira garkuwar jiki. Tamowa, da ƙyanda, da yawan zawo, da ciwon sukari, da sida, da tsufa, duk suna raunana ta.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2005 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Kanada a kan manya 323. An raba su kashi biyu. Kashi ɗaya sun sha ƙwayar da aka tace daga jinsen na Amurka, wata 4 cikin hunturu. Ɗaya kashin sun sha ƙwayar da ba magani a cikinta. A cikin masu shan jinsen, mutum 10 cikin 100 ne suka yi mura sau biyu ko fiye. A ɗaya kashin, wajen 23 cikin 100. Amma da yawa cikin masu shan jinsen ɗin sun yi mura duk da haka.

To, me wannan yake nufi? Jinsen yana iya ɗan rage yawan mura ga babban mutum mai lafiya. Iyakar abin da gwajin ya nuna ke nan. Jinsen ba ya warkar da zazzaɓin cizon sauro, ko tarin fuka, ko sanƙarau, ko sida. Mai shan maganin likita kada ya bar shi ya koma ga jinsen. Yaro kuma in jikinsa ya yi zafi, likita za a kai shi a ranar.

Su wane ne ba za su sha ba?

Mace mai ciki, da mai shayarwa, da ƙananan yara, su nisance shi.
Mai ciwon sukari ya kula, don jinsen yana rage sukarin jini. In ya haɗu da maganin likita, sukarin yana iya faɗuwa har mutum ya suma.
Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai shan maganin hana daskarewar jini, kada su sha sai da izinin likita.
Ko mai lafiya ma yana iya samun rashin barci, ko ciwon kai, ko ɓacin ciki.

Akwai wani haɗarin. A ƙasashe da dama masu binciken magunguna sun sha kama kofi da zuma na ƙarin ƙarfin maza waɗanda aka ɓoye maganin bature a cikinsu ba a rubuta ba. Irin wannan yana iya halaka mai ciwon zuciya. Kyan kwali, kyan ɗan maciji ne. Kafin ku saya, ku karanta abin da aka haɗa, da sunan wanda ya yi, da ranar lalacewa. In ba ku gane ba, ku nuna wa mai kantin magani ko malamin asibiti.

Garkuwar da ke hannunmu

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da ke gina garkuwar jiki yana nan kusa da mu. A kai yara allurar rigakafi, wato lamba, har a cika katinsu. A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6. A haɗa tuwo da fura da wake, da gyaɗa, da nono, da ƙwai, da ganyen zogale, da miyar kuka. A kwana cikin gidan sauro. A wanke hannu da sabulu, a sha ruwa mai tsabta, a sami isasshen barci. Kuɗin kwali ɗaya gara a sa shi cikin tukunyar iyali.

Tambayoyi

1. A waɗanne ƙasashe ake noman jinsen?
2. Shekara nawa yake yi kafin a haƙa shi?
3. Yaya za ku bambanta sunan jinsen da na citta a jikin kwali?
4. Ku rubuta mutum uku da bai kamata su sha jinsen ba.
5. Ku lissafa abinci biyar na garinku masu gina jiki.

Ku tattauna amsoshin da malaminku, ku karanta wa waɗanda ba su zo aji ba. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.