Makullan Ƙwayoyin Gado da Ciwon Daji: Aikin Farfesa Peter Jones

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam littafin gado ɗaya take ɗauke da shi, wato DNA. To, me ya bambanta ƙwayar tsoka da ta hanta? Kowacce tana buɗe wasu shafuka ne, ta kulle saura. Ilimin da ke nazarin wannan buɗewa da kullewa shi ne efijenetik, sunan da Conrad Waddington na Ingila ya raɗa a 1942.

Ɗaya daga cikin makullan shi ne metil, wato zarra ɗaya ta kabon haɗe da uku na haidirojin. Idan ya taru a mafarin ƙwayar gado, galibi sai ta yi shiru.

A 1964 masana a birnin Prague suka haɗa wani sinadari, azasitidin, domin yaƙar ciwon daji. A 1979 Peter Jones, haifaffen Afirka ta Kudu, da ɗalibarsa Shirley Taylor, a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka, suka nuna cewa idan aka zuba shi a kan ƙwayoyin tayin ɓera, wasu sukan rikiɗe su zama tsoka, ko kitse, ko guringuntsi. A 1980 suka bayyana dalili: sinadarin yana hana metil maƙalewa, sai shafukan da ke kulle su buɗe.

Daga nan hankali ya koma kan ciwon daji. A 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein suka gano ƙarancin metil a ƙwayoyin daji. Daga baya Stephen Baylin da wasu suka nuna cewa duk da wannan ƙaranci, metil yakan cunkushe a kan ƙwayoyin gadon da ke hana ƙari tsirowa, ya rufe musu baki. Muhimmancin wannan shi ne, harafin da ya goge yana da wuyar maidowa, amma makulli ana iya buɗe shi.

A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da azasitidin don wata cutar ɓargo da kan zama sankarar jini. Sakamakon gwajin da aka fitar a 2009 ya nuna matsakaicin tsawon rayuwar masu tsananin cutar ya kai wata 24, maimakon 15. Maganin ba ya warkarwa gaba ɗaya, amma yana ƙara kwana.

Tambaya ga ɗalibai: me ya sa tagwaye masu DNA iri ɗaya kan bambanta wajen kamuwa da cuta?