Tarin da Yake Komawa Wuri Guda

Huhun ɗan Adam yakan fara tsiro tun makonnin farko na ciki, yana fid da rassa kamar bishiya. A wasu jarirai ƙalilan, wani reshe yakan kauce, ya zama 'yan jakunkuna masu iska ko majina waɗanda ba sa aikin numfashi. Likitoci suna kiran wannan lahani CPAM. An ƙiyasta ana samunsa a jariri ɗaya cikin dubu 10 zuwa dubu 35. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma sammu ba.

Sau da yawa hoton ciki na wajen mako na 20 yakan nuna shi, shi ya sa muke nacin zuwa awo. Wanda ba a gano ba yakan girma da abinsa, har ya yi aure, ya kafa rumfa a kasuwa. Alamarsa ita ce ciwon haƙarƙari da zazzaɓi da tari masu dawowa, kullum a gefe ɗaya na ƙirji.

Mafi yawan masu wannan lahani ba sa kamuwa da sankara. Amma a wasu kaɗan, ƙwayoyin da ke cikin jakunkunan sukan rikiɗe su zama sankarar huhu, ko da mutum bai taɓa shan taba ba.

A nan ne ake yawan kuskure. Tarin da ya wuce mako biyu, tarin fuka ake fara zato, kuma daidai ne a gwada kaki. To, idan gwaji bai nuna ƙwayar cutar ba, ko an kammala maganin wata shida amma tabon yana nan a hoton ƙirji, kada a koma kemis neman wasu ƙwayoyi. A nemi likita ya tura mutum babban asibiti don hoton CT.

'Yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Ƙonni da Illela, ku riƙa tafiya da tsofaffin hotunanku da takardun asibiti. Likitan da ya ga hoto ɗaya zai ce sanyi ne. Wanda ya jera uku zai gane cewa ciwon bai taɓa barin wurinsa ba.

Maganinsa tiyata ce, a cire sashen da ya lalace. Huhun dama sassa uku ne, na hagu biyu, kuma ragowar sukan ɗauki aikin, musamman ga yara. Idan lahanin ƙarami ne kuma ba ya damun yaro, likita na iya zaɓar sa ido, sai a kiyaye ranakun komawa.