Ranar da fitilun suwic suka haukace

Ɗana, tunda an damƙa maka makullin ɗakin sabar, zauna in ba ka labarin abin da ya taɓa hana ni cin abincin rana.

Wata Litinin da hantsi, a wani ofis da na yi aiki, komai ya tsaya cik. Intanet babu, firinta babu, suwic ɗin ma na kasa shiga daga teburina. Da na buɗe akwatinsa, sai na tarar da fitilu duk suna ƙyaftawa tare, kamar masu rawa da ganga ɗaya. Awa uku muna lalube. Ashe wata baiwar Allah ce ta ga waya tana reto a ƙarƙashin tebur, ta ga ƙaramin suwic da kafa a buɗe, ta cusa. Ba ta san ɗaya bakin wayar ma a jikinsa yake ba. Gyara ta yi niyya.

Ka san kwamfuta in tana neman 'yar'uwarta shela take yi, suwic kuma ya maimaita shelar ta kowace kafa ban da wadda ta shigo. To, in waya ta yi zobe, shelar za ta dawo masa, ya ɗauka sabuwa ce, ya sake bazawa. Saƙon IP yana da ƙidayar kwana, TTL, kowane rawuta ya rage ɗaya har ya mutu. Na Ethernet ba shi da ajali. Haka zai yi ta kewayawa yana hayayyafa har hanya ta toshe.

Maganin ya girme ka. A 1985 Radia Perlman ta ƙirƙiro STP, aka mayar da shi ƙa'idar 802.1D a 1990. Suwic-suwic suna gaisawa duk daƙiƙa 2 da saƙon BPDU, su naɗa shugaba, su rufe hanyar da ta yi rara, su ajiye ta don ranar tsiya. Aibinsa nawa: kafa takan jira daƙiƙa 30, wani lokaci 50, kafin ta buɗe. Nan yara masu zafin kai suke kashe shi, garin neman gira a rasa ido. In jiran ya dame ka, kunna RSTP na 2001.

Kada kuma ka bar naɗin shugaba a hannun sa'a. Kowane suwic da lamba 32768 yake zuwa, in an yi kunnen doki mai ƙaramin adireshin MAC ke ci, sau da yawa kuwa wani tsohon kwano ne da aka manta a lungu. Ba babban suwic ɗinka 4096 don ya zama shugaba. Kafofin ma'aikata ka sa musu BPDU guard, ka ɗora wa shela iyaka, kafar da ba kowa ka rufe ta.

Manya ma ba su tsira ba. A Nuwamba 2002, asibitin Beth Israel Deaconess na Boston, a Amurka, ya koma takarda da biro kusan kwana huɗu, domin netwok ɗinsa ya yi ta faɗaɗa har ya wuce zangon suwic 7 da aka gina STP a kai.

Ranar da irin wannan matsala ta same ka, kada ka kashe komai ka kunna. Zoben yana nan yana jiranka. Ɗauki wayar konsol ka zauna gaban babban suwic. In ka ga adireshin MAC ɗaya yana tsalle tsakanin kafa biyu, ka kama bakin zaren. In shiga ta gagara, zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kana ɗan dakatawa. Wadda ka zare fitilu suka lafa, bi ta da ƙafa har inda ta ƙare.

Ita kuwa baiwar Allah ban ce mata uffan ba. Washegari na zo da tef da alƙalami, na rubuta wa kowace waya suna a baki biyu.