Idan Likita Bai Saurare Mu Ba

A wani taron ƙungiyar taimakon juna, wata mata ta faɗa mana cewa ta yi wata biyu ba ta je karɓar maganinta ba. Ta ce ta gaya wa likita ba ta samun barci tun da aka sauya mata magani, amma ko ɗago kai bai yi ba. Da ta sake magana sai ya ce, "Da kin kama kanki ai da ba ki zo nan ba." Tun daga ranar ta ƙi komawa. Da ta gama, wasu a wurin suka ce su ma sun taɓa gamuwa da irin wannan.

Muna so mu yi nazarin abin da za mu yi idan haka ta same mu, ba tare da mun bar shan magani ba.

Me ya sa barin magani yake da haɗari?

Maganin HIV ba ya kawar da ƙwayar cutar daga jiki, yana hana ta hayayyafa ne. Idan mun daina sha, cikin 'yan makonni sai ta sake yawa a jini. Garkuwar jiki ta yi rauni, cututtuka irin su tarin fuka su sami ƙofa. Yawan tsallake magani kuma yana iya sa ƙwayar ta daina jinsa. Amma wanda yake sha kullum har ƙwayar ta sauka ƙasa da 200 a kowane mililita na jini, ba zai sa wa mijinsa ko matarsa ta hanyar saduwa ba. Kada fushin da muke yi da mutum ɗaya ya raba mu da wannan.

Gajiya ce ko ƙyama?

Likitocinmu kaɗan ne, marasa lafiya kuwa da yawa. Wani likitan yana sauri ne domin layi ya yi tsawo. Irin wannan, idan mun zo a shirye, yakan saurara. Ƙyama daban take: zagi, gori, ƙin taɓa mutum, mai da shi ƙarshen layi, ko faɗa wa wasu halin da yake ciki. Wannan laifi ne. A Nijeriya, dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da HIV ta shekarar 2014 ta haramta shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ce a riƙe asirin mara lafiya, a yi masa bayanin ciwonsa da maganinsa, kuma yana da ikon kai ƙara.

Abin da za mu iya yi

1. Mu shirya kafin mu je. Mu rubuta tambayoyi biyu ko uku mafi muhimmanci, ko mu sa wani ya rubuta mana. Mu faɗi ranar da damuwar ta fara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

2. Mu san maganinmu. Da yawa daga cikinmu TLD muke sha, ƙwaya ɗaya a rana. Yakan kawo wa wasu rashin barci, ciwon kai ko ƙarin ƙiba. Mu faɗi duk wani abin da muke sha, har da na gargajiya. Maganin ƙarin jini da na gyambon ciki suna iya rage masa ƙarfi idan an sha su lokaci ɗaya, mai shan maganin tarin fuka kuma yakan buƙaci a gyara masa adadin da yake sha.

3. Mu nemi sakamakon gwajinmu. Ana auna yawan ƙwayar cutar a jini bayan wata 6 da fara magani, a sake a wata na 12, sannan sau ɗaya kowace shekara. Mu tambayi lambar, mu rubuta ta.

4. Mu je da wanda muka amince da shi. Mutum biyu sun fi tuna abin da aka faɗa, kuma ba a cika wulaƙanta mutum a gaban shaida ba.

5. Mu yi magana cikin ladabi, amma a fili: "Likita, ban gane ba, don Allah a sake yi mini bayani." Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

6. Mu nemi wasu ma'aikatan. Nas, mai ba da shawara da mai ba da magani sukan amsa tambayoyi da yawa. Muna iya roƙon a haɗa mu da wani likita.

7. Idan wulaƙancin ya ci gaba, mu rubuta rana da abin da aka faɗa, mu kai wa shugaban sashen ko na asibitin. Ƙungiyar NEPWHAN ta masu ɗauke da HIV tana da rassa a jihohi, tana iya tsaya mana. Hukumar MDCN kuma ita ce mai ladabtar da likitoci.

8. Idan mun ga dole mu koma wani asibiti, mu karɓi takardar sauyin wuri da maganin da zai ishe mu kafin mu tashi, domin kada a sami ranar da ba mu sha ba.

Matar nan ta koma asibiti tare da wata 'yar ƙungiya. Nas ta saurare ta, aka mai da shan maganinta da safe maimakon dare, aka kuma haɗa ta da wani likita.

Tambayoyi domin tattaunawa

- Wane irin hali ne muka taɓa gani a asibiti da ya sa mutum ya ƙi komawa?
- Wa za mu iya kai wa ƙara a asibitin da muke zuwa? Mun san ofishinsa?
- Su wane ne a ƙungiyarmu za su iya raka wasu ranar ganin likita?
- Akwai wanda muka sani da ya daina zuwa karɓar magani? Wa zai ziyarce shi a wannan mako, ba tare da ya tona asirinsa ba?