Darasin Kimiyya: Tef ɗin Awon Damtse da Haƙƙin Kowane Yaro

Ɗalibai, kowa ya fito da littafinsa. Darasinmu na yau ya haɗa abu biyu da ba kasafai ake koyar da su a aji ɗaya ba: kimiyyar girman jikin yaro, da dokar da ta hana nuna bambanci wajen ciyar da yara. Za mu fara da jiki, mu wuce ga awo, sannan doka, mu ƙare da lissafi.

Kashi na ɗaya: yadda yaro ke girma

Tsakanin 1997 da 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin girman yara sama da 8,000 a ƙasashe shida: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Ta zaɓi yaran da ake shayarwa da nonon uwa, iyayensu mata ba sa shan taba, gidajensu kuma ba a rasa abinci ko magani. Sakamakon ya fito a 2006. Yaron Accra da yaron Oslo, in an ba su kulawa iri ɗaya, tsayinsu da nauyinsu tafiya ɗaya suke yi tun daga haihuwa har shekara biyar. A kan wannan bincike aka zana layukan da ke jikin katin awo da iyayenku mata ke ɗauka zuwa asibiti.

Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne ginshiƙin darasin. A garin Gombe, inda Fulani da Terawa da Tangale da Waja da Bolawa da Hausawa da Barebari suke cuɗanya a kasuwa ɗaya, za ku sha jin ana cewa, "Ai su ƙabilarsu haka suke, ba sa tsawo." Gado yana da tasiri a kan tsayin mutum ɗaya, babu gardama. Amma in ka tarar da rabin yaran wata unguwa ko wata ruga sun gaza tsayin shekarunsu, ka bincika tukunya da ruwan sha da zazzaɓin cizon sauro da gudawa kafin ka ɗora wa jini laifi.

Rashin abinci mai gina jiki yana fitowa ta fuska biyu. Akwai tsumburewa, wato yaro ya gaza tsayin da ya dace da shekarunsa. Sannu a hankali take shiga, galibi cikin kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, kuma da wuya a gyara ta bayan nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure suke, kuma lamarin ya fi muni a Arewa. Ta biyun ita ce tamowa, wadda ke zuwa da sauri: yaro ya rame, ko ƙafafunsa su kumbura, garkuwar jikinsa ta yi rauni har gudawar kwana uku ta iya tafiya da shi.

Kashi na biyu: awo

Ga tef ɗin nan a hannuna, ku miƙa wa juna ku duba. Roba ce mai launi uku. Ana amfani da shi ga yaro daga wata 6 zuwa wata 59. Ka lanƙwasa hannun yaron na hagu, ka nemo tsakiyar tazarar da ke tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, ka saki hannun ya sauka, sannan ka zagaya tef ɗin. Kada ka matse har fata ta tattare, kada kuma ka bar shi sako-sako. In ya nuna ƙasa da santimita 11.5, ja ke nan, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, rawaya, matsakaiciya. Daga 12.5 zuwa sama, kore. Bayan tef, sai ka danna bayan ƙafafun yaron biyu da manyan yatsunka na tsawon daƙiƙa uku. In ka ɗaga yatsu rami ya zauna a ƙafafun biyu, yaron na cikin haɗari ko da tef ya nuna kore, domin ruwa ne ya cika jikin.

Yaron da ya faɗa ja ana gwada shi da abincin tamowa a gaban ma'aikaci. In ya ci, a ba uwar na mako ta tafi gida da shi, ta riƙa dawowa awo. In ya kasa ci, ko yana da wata cuta a kai, gado ya kama shi, a fara da madara ta musamman da ake kira F-75. Abincin nan da kuka sani cikin 'yar leda, wanda ya fi shahara da sunan Plumpy'Nut, gyaɗa ce markaɗaɗɗiya da garin madara da sukari da mai da sinadaran bitamin. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ba da kalori 500. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a yunwar Nijar ta 2005, musamman a Maraɗi, duniya ta ga cewa ana iya warkar da dubban yara ba tare da an kwantar da su duka ba. Da aka kawo wannan tsari Najeriya a 2009 da tallafin UNICEF, Gombe na cikin jihohin da aka fara da su.

Me ya sa na daɗe a kan tef? Domin shi ne alƙalin da ke yanke wanda za a ba abinci. Kafin a samu irinsa, idon ma'aikaci ne ke yankewa, ido kuwa yana da sani da sabo. Tef ba ya tambayar sunan uba, ba ya jin yare, bai san wa ke zuwa masallaci wa ke zuwa coci ba.

Sai dai in faɗa muku wani abu da masana suka lura da shi. Tef ya fi kama ƙananan yara da 'yan mata, shi kuwa awon nauyi bisa tsayi ya fi kama yaran da suka ɗan tasa da maza. Cibiyar da ta dogara da ɗaya kaɗai za ta bar wasu yara a waje ba tare da kowa ya yi niyyar hakan ba. Shi ya sa inda akwai sikeli da allon awon tsayi ake so a haɗa biyun.

Kashi na uku: doka

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana hukuma ta tauye wa ɗan ƙasa wani abu, ko ta fifita shi, saboda al'ummarsa, ƙabilarsa, asalin garinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Ya kuma hana a ƙasƙantar da mutum saboda yanayin haihuwarsa. Sashen bai ambaci naƙasa ba, sai dokar hana wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta cike giɓin.

Ku dubi "asalin gari" da idon mutumin Gombe. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta, iyalai da yawa daga Borno da Yobe suka sauka cikin unguwanninmu. Ma'aikacin da ya ce wa uwa ta kawo takardar shaidar zama 'yar asalin jiha kafin a auna ɗanta ya taka doka, ya kuma saɓa wa kimiyya.

Wasu ƙasashe sun riga mu shan wannan gwagwarmaya. A Amurka, dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana duk shirin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambancin launi ko asali, kuma wuraren rabon abincin yara dole su liƙa sanarwar da ke gaya wa mutane inda za su kai ƙara. A Indiya, Kotun Ƙoli ce ta umarci jihohi a 2001 su ba 'yan firamare dafaffen abincin rana. Da yake a can akwai masu ƙyamar cin girkin mutanen da al'ada ta mayar ƙasƙantattu, kotun ta ƙara umarni a 2004 cewa a fifita irin waɗannan mutane wajen ɗaukar masu girki.

Yanzu mu dawo gida. Shirin ciyar da 'yan makaranta na Gwamnatin Tarayya ya fara a 2016, don 'yan aji 1 zuwa 3 na firamaren gwamnati, a kan Naira 70 kowane yaro a rana, aka ɗaga zuwa Naira 100 a 2022, sannan aka dakatar da shi a Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Ba inda aka rubuta a cikinsa cewa a hana wani. Amma ƙofar shigarsa rajistar makaranta ce. Almajirin tsangaya ba ya cikin rajista. Yarinyar da ke tallar goro a tasha ba ta ciki. Ɗan makiyayin da ya tashi da shanu ba ya ciki. A ganina wannan ita ce wariya mafi wuyar magani a wajenmu, domin ba ka da wanda za ka nuna da yatsa, kuma waɗanda aka tsallake sau da yawa su ne suka fi jin yunwar.

Haka abin yake a cibiyar tamowa. Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe, ko wanda ke da lalurar ƙwaƙwalwa da ta hana shi tauna da haɗiya da kyau, ya fi sauran yara haɗarin ramewa, amma shi ake ɓoyewa a ɗaka. Uwar da ba ta jin komai sai Fulatanci za ta gyaɗa kai ga bayanin da aka yi mata da Hausa, ta je gida ta raba ledar tsakanin yara huɗu, domin ba a fahimtar da ita cewa magani ne na yaro ɗaya ba. Ga kuma harshen ma'aikaci. A ɗaga murya a gaban layi a ce, "Ke kwanika kika yi, shi ya sa!" Matar za ta saɓa goyonta ta tafi, mako mai zuwa ba za a gan ta ba, a rubuta a littafi cewa ta gudu da kanta.

Kashi na huɗu: lissafi

Ta yaya za mu gane ko shiri yana kaiwa ga kowa? Ba a ganewa daga littafin cibiya, domin wanda ya zo kaɗai ke cikinsa. Fita ake yi gida-gida da tef, a ƙirga duk yaron da ya faɗa ja, a tambayi wanda ke karɓar magani. Sai a raba adadin masu karɓa da adadin masu buƙata, a ninka da 100.

Mu ƙaddara misali, ba alƙaluman gaske ba ne. A unguwa ta farko, kusa da cibiya, an samu yara 20 a ja, 16 na karɓar magani: kashi 80 ke nan. A ta biyu, can bayan gari inda baƙi suka sauka, an samu 30, masu karɓa 9: kashi 30. In ka haɗa su, 25 cikin 50, za ka rubuta kashi 50 ka aika wa ofis, ba wanda zai san akwai unguwar da yara bakwai cikin goma ba su ga leda ba. Saboda haka ƙa'idar ita ce a rarrabe alƙaluma: unguwa-unguwa, maza da mata, masu naƙasa da marasa ita, yaren da ake yi a gida. In aka ga wani rukuni ya faɗi ƙasa, a koma a tambayi iyayen dalili, ko nisa ne, ko kuɗin Keke Napep, ko miji ne ya hana, ko an taɓa wulaƙanta su.

Aikin gida. Kowa ya yanko farar takarda mai kauri, ya zana mata santimita da rula, ya shafa launuka uku a inda suka dace. Da izinin iyaye, ku auna ƙanne biyar 'yan wata 6 zuwa 59 a maƙwabtanku, ku rubuta shekaru da jinsi da awo, ban da suna. Wanda ya samu ja, ko ƙafa mai rami, kada ya jira ranar Litinin: ya gaya wa iyayen su kai yaron cibiyar lafiya mafi kusa a ranar.