Darasi Na Tara: Kiwon Manhaja Da Ladubban Rubuta Ta

Gabatarwa

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake bai wa kwamfuta domin ta aiwatar da wani aiki. Bisa al'ada, mutum ne yakan zauna ya rubuta ta layi bayan layi. To amma akwai wata hanya da masana suka ɓullo da ita, wadda a wannan darasi za mu kira kiwon manhaja, saboda ta yi kama da yadda makiyayi yake zaɓen bijimin da zai bari ya yi barbara a garkensa.

Yadda Ake Kiwon

Wanda ya fito da wannan fanni fili shi ne John Koza na Jami'ar Stanford ta Amurka, a littafinsa na 1992, inda ya ɗora a kan aikin da John Holland ya buga a 1975. Kwamfuta takan ƙirƙiro ɗaruruwan ƙananan manhajoji barkatai, a gwada kowace, a ba ta maki. Waɗanda suka fi maki sai a yanko ɓangaren wannan a haɗa da na waccan, a ɗan jirkita wasu, a sami sabon zubi. Haka za a yi ta maimaitawa har a dace da wadda ta iya aikin.

Matsalar ita ce, abin da ake samu yakan kumbura da umarnin da ba ya tsinana komai, har ya gagari mutum karantawa. Manhajar da ba a fahimta kuwa, gyaranta sai an sha wuya. Wannan ne ya sa aka koma ga ladubban da ƙwararrun marubuta manhaja suka daɗe suna bi.

Ladubban Da Aka Aro

Ƙwararre ba ya maimaita umarni ɗaya sau goma. Yakan ware shi wuri guda, ya raɗa masa suna, ya riƙa kiransa duk lokacin da bukata ta taso. A littafinsa na 1994, Koza ya nuna yadda kwamfuta za ta riƙa gina irin waɗannan ɓangarori da kanta.

Sai kuma nahawu, wanda ɗalibin Hausa ba baƙonsa ba ne. A 1998, Conor Ryan da abokan aikinsa a Jami'ar Limerick ta ƙasar Ailan suka gindaya wa kiwon dokokin ginin jumla, irin dokar da muke cewa jumla ta ƙunshi yankin suna da yankin aikatau. Da haka aka toshe ƙofar haifar manhajar da gininta ya karya ƙa'ida.

Inda ya kamata mu fi tsayawa shi ne gwaji. A 2009 aka fito da GenProg, mai gyara kurakuran manhaja ta hanyar kiwo. Takan kwafo layukan da mutum ya riga ya rubuta a wani sashe ta liƙa inda kuskuren yake, sannan a auna ta da gwaje-gwajen da mutane suka tsara. A 2012 aka ba da rahoton ta gyara kurakurai 55 cikin 105. Da masana na cibiyar MIT suka sake dubawa a 2015, sai suka tarar 2 kacal ne gyaran gaskiya. Yawancin sauran, share sashen da ke kawo matsalar kawai aka yi, gwajin kuma bai lura ba. A ganina laifin ba na kwamfuta ba ne. Abin da aka ba maki shi ta bi. Malamin da ya taɓa gyara takardun ɗaliban da suka haddace tsofaffin tambayoyi ya san irin wannan cin jarrabawa.

Auna Fahimta

Tsara tambayoyi uku a kan ginin jumlar Hausa waɗanda hadda kaɗai ba za ta isa a amsa su ba, sannan ka bayyana abin da kowace take aunawa.