Kallon shamuwa daga nesa ya fi

Idan shamuwa ta sauka a bishiyar gidanku gab da damina, daga tsakar gida ya kamata ku kalle ta, ba daga gindin sheƙarta ba. Dalilin a fili yake. Lokacin da take kwanci ya zo daidai da tsananin zafin bazara, kuma duk sa'ad da aka firgita uwa ta tashi, ƙwai da 'ya'yan da ba su yi gashi ba suna zama a rana tsirara, ga hankaka da shirwa suna shawagi suna jira.

Wani zai ce ai shamuwa ta saba da mutane, tunda a garuruwanmu take sheƙa. Gaskiya ne, amma ta saba da mai daka da mai shara ne, waɗanda ba ruwansu da ita, ba mai hawa reshe da waya yana neman hoto ba. Da zarar ta miƙe wuya tana dubanku, kun matso da yawa. Abinci kuwa ba ta buƙatar naku, fara da tsutsotsin gona sun ishe ta.

Ku ja kunnen yara su ajiye danƙo, a kuma ɗaga sassabe bishiyar sai 'ya'yan sun tashi.